Ranar Saukar Shamuwa

A wani zamani mai tsawo, tun duwatsu suna da sauran taushi, an yi wani sarki a Birnin Zarnuwa mai suna Jatau. Mutanen ƙasarsa suna fara ƙirga shekara ne daga wata rana guda ta tsakiyar bazara, ranar da shamuwa ke sauka a kan tsamiyar ƙofar gabas. A irin ranar ce kakanninsu suka biyo tsuntsuwar har suka sauke kayansu a wurin, kuma tun daga lokacin kowane gida yakan fito da ɗan ruwan da ya rage masa a randa ya tsiyaye a gindin tsamiyar, alamar sun dogara ga Allah cewa wani na tafe daga sama. Daga nan hadari yakan haɗu.

A wata shekara, ranar saukar shamuwa, Gwamma matar sarki ta haifi 'ya mace da hantsi, uwar ta cika kafin azahar. Baƙin ciki ya rufe wa sarki ido, ya sa aka kirawo Uwar Kwanaki, aljanar da ke tsince ranakun da mutane suka yasar, ya ce mata, "Ɗauke mini wannan rana, kada ta sake wayewa a ƙasata." Aljanar ta naɗe ranar kamar tabarma, ta jefa a tulu, ta tafi.

Tun daga nan mutanen Zarnuwa sukan kwanta a jajibere su farka a washegari. Shamuwa takan zo ta yi ta shawagi, ta rasa ranar sauka, ta wuce. Damina ta riƙa zuwa a makare, rijiyoyi suka yi nisa, kowa ya koma rufe randarsa da faifai yana zargin maƙwabci.

Jaririyar nan, Gimbiya Yalwa, ta girma tana jin tsofaffi na cewa in an ƙara shekara biyu a haka birnin zai watse. Da bazara ta kawo kai, ta ɗauki salkar ruwa ta nufi dutsen aljanar, can bayan hamada, ta isa leɓɓanta sun tsage, salkar saura maƙwarwa ɗaya.

Uwar Kwanaki na zaune cikin tuluna jere har iyakar gani. Gimbiya ta durƙusa ta ce, "Ranki ya daɗe, na zo biɗar ranar da mahaifina ya ba ki, domin ƙasarmu na mutuwa da ƙishi."

"'Yar nan, ni ban saci kome ba, ajiya aka ba ni," in ji aljanar. "Ga tulun. Amma ba ya buɗewa sai ga wanda ya yi wa ranar al'adarta."

Gimbiya ta dubi salkarta, ta tuna tsawon hamadar da ke tsakaninta da gida. Ta kwance bakin salkar, ta tsiyaye ruwan a gindin tulun har ɗigon ƙarshe.

Sai tulun ya buɗe, ta ga kanta a cikin ranar, a ƙofar gabas ta garinsu, tsamiya shar da sabon ganye, iska na ɗauke da ƙamshin ƙasa mai jiran ruwa. Daga fada ana jiyo guɗa, cikin guɗar kuma akwai kuka. A inuwa ga wani saurayi riƙe da linzamin doki, da buhu ɗaure a bayan sirdi.

Ya ce, "Baiwar Allah, ko kin san lokacin da za a buɗe ƙofa? Ni ne Nomau ɗan Sarkin Tudu, mahaifina ya aiko ni da irin gero gaisuwa ga sarkinku. Ina ta jira, rana ta ƙi gotawa."

Gimbiya ta gane cewa mutanen gari suna da jiya da gobe a Zarnuwa, shi ya sa suka tsira, shi kuwa baƙo wannan rana kaɗai gare shi a nan, aka naɗe ta da shi a ciki. Ta ce, "Ka ji guɗar can? Tawa ce. Ka ƙara haƙuri kaɗan." Ya dube ta, ya miƙa mata gorar ruwansa. Ta sha, ta sunkuyar da kai.

Da ta fito, aljanar ta ɗora mata tulun a ka ta ce, "Ki gaya wa ubanki ba a karɓar rabin rana. Guɗar da kukan tare suke, kuma hannun da ya bayar shi zai fasa."

Ta iso gida daren jajibere ya wuce, gari na shirin wayewa. Ta ajiye tulun gaban sarki a gindin tsamiya ta ce, "Allah ya ja zamaninka, Baba. A cikin nan ka rasa mata, na sani. Amma a cikin nan ka same ni, kuma ban taɓa ganin ranata ta waye ba."

Sarki ya daɗe yana duban fuskarta, fuskar Gwamma sak. Sannan ya ɗaga sandarsa ya fasa tulun.

Rana ta fito. Sarki ya zauna a ƙasa ya yi kukan da ya ƙi yi shekaru, ba wanda ya hana shi. Shamuwa ta sauka a reshenta na da. Wata tsohuwa ce ta fara fitowa da randarta, sauran suka biyo, har gindin tsamiya ya jiƙe. Masu gadi suka buɗe ƙofa, Nomau ya shigo da dokinsa da geronsa, ya isar da saƙon da ya kwana shekaru a bakinsa. Kafin la'asar gabas ta yi baƙi.

An shuka irin nan, ya yi kyau har rumbuna suka kasa ɗauka. Da shamuwa ta sake sauka, sarki ya ziyarci kabarin matarsa da safe, da yamma ya ɗaura wa 'yarsa aure da Nomau. Daga nan ne mutanen Zarnuwa suka ci gaba da ƙirga shekarunsu, ba su sake tsallake rana ba, mai daɗi ko mai ɗaci.