Telan da Ya Kashe Alƙalin Wasa

Akwai wani tela da ake wa laƙabi da Zakara, domin shekara biyu ba wanda ya ci shi ƙwallon gem a shagonsa. Talabijin na saman durowar zare, benci na gefen keken ɗinki. Da la'asar ta yi zai ture yadin mutane gefe, ya ce wa ke son kuka yau.

Ashe ya shiga saitin gem ɗin ya kashe alƙalin wasa. Ba kati, ba fenareti. Ka doshi raga, ya share maka ƙafa ta baya, ya ɗauke ƙwallo yana fito.

Amininsa tun firamare, wani makanike, shi ya gano. Ya ja shi gefe a hankali, ya ce ya mayar da alƙalin nan, yatsansa ya fara lalacewa.

Zakara bai bar maganar a gefe ba. Ya dawo gaban jama'a, ya langaɓe wuya, ya toshe hanci, ya kwaikwayi i'inar amininsa: "A-a-a dawo mini da alƙali, an ta-taɓa ni." Ya ƙara da cewa mai baƙin mai a farce ya fara wanke hannu kafin ya koya masa ƙwallo.

Benci ya kwashe da dariya. Makanike ya goge hannun gem ɗin da gefen rigarsa, ya ajiye, ya fita. Bai sake leƙowa ba.

Bayan wata uku aka shirya gasa a wani babban ɗakin kallo. Zakara ya ɗinka wa kansa riga mai lamba goma. Ƙuri'ar zagayen farko ta haɗa shi da makanike.

A can alƙali a kunne yake, mai zafi kuwa.

Minti na huɗu, ɗan wasan makanike ya shigo da'irar ragar Zakara. Zakara ya san dokar wurin sarai, amma babban yatsansa bai sani ba. Shara, fenareti, jan kati. Ya rantse ba zai ƙara ba. Ya ƙara. Kafin hutun rabin lokaci an kore masa mutum uku, an ɗura masa ƙwallo huɗu.

Wani daga baya ya toshe hanci: "A-a-a kashe masa alƙali."

Makanike ne kaɗai bai yi dariya ba. Da aka tashi, Zakara ya tare shi a ƙofa, murya ƙasa-ƙasa.

"Ɗan'uwa, gobe ka zo shago. Zan gyara saitin."

"Ka gyara," in ji makanike. "Ni ba sa-saitin ne ya kore ni ba."

Washegari Zakara ya kunna alƙali, ya goge hannun gem na biyu, ya ajiye a kan benci. Hannun gem ɗin yana nan a wurin har yau.

Darasi: Inda aka cire hukunci, hannu ne ke fara sabawa da keta, baki ya biyo baya. Wanda ya ja ka gefe ya faɗa maka gaskiya, kada ka mayar da shi abin dariya. Ku tura wa masu shara ta baya da kuka sani.