Ƙullin Gashin Zabo

Akwai wata mata a Samaru mai suna Christabel, ma'aikaciyar wani ɗakin gwajin jini. Tana haya a gidan Malam Bappa, gida mai ɗakuna shida a jere ƙarƙashin rufi ɗaya. Mijinta a Kano yake aiki, sai ƙarshen wata yake zuwa. A lokacin tana da cikin wata bakwai bayan ɓari biyu da ta yi, don haka abu kaɗan ke tayar mata da hankali.

Abokiyar zamanta wata farar kyanwa ce mai gashi buzu-buzu, ta sa mata suna Gimbiya. Har Sabon Gari take shiga ta sayo mata kayan wasa: ɓeran roba mai batir, ƙwallo mai walƙiya, kifin soso. Gimbiya takan shinshina su sau ɗaya ta juya musu baya. Duk da haka Christabel na jera su a bakin taga don masu wucewa su gani.

A ɗakin ƙarshe kuma akwai Mama Winifred, tsohuwar tela, shekararta goma sha tara a gidan. Ba miji, ba ɗa. Tana kiwon 'yan kyanwa huɗu da ta tsinta a bakin kwata. Da ragowar ƙyalle take ɗinka musu abin wasa, ƙulli ne kamar girman ƙwai. A ciki takan sa ɓawon busasshen kifi da 'ya'yan tsamiya don ya riƙa yin kacau-kacau, ta ɗaure bakin da jan zare, ta soka gashin zabo. Ko karen mai gadi ta kitsa masa igiya da tsohon zane.

Wata Asabar Mama ta miƙa wa Christabel guda ɗaya.

"'Yata, ga wannan ki ba Gimbiya. Nawa ba sa barci sai da shi."

Christabel ta kalle shi, ba ta miƙa hannu ba.

"Mama, tsumma? Kyanwata ko tsakar gida ba ta taka ba. Kayanta na kanti ne. Ki bar wa na kwatarki."

Mama ta mayar da shi aljihu, ta ce, "To, Allah ya sauke ki lafiya."

Ranar Talata da la'asar Christabel ta dawo daga aiki. Ta buɗe kwaɗo da hannunta, tagogi a rufe kamar yadda ta bar su. Tana shiga uwar ɗaki ta tsaya cak.

A tsakiyar filonta akwai ƙulli mai jan zare da gashin zabo.

Gimbiya na kwance a ƙarƙashin kujera tana kallonta, ba ta ko motsa ba. Christabel ta sa tsintsiya ta ɗauke shi, ta jefa a masai. Ba ta gaya wa kowa ba.

Ranar Alhamis ta sami wani a cikin takalminta. Ranar Litinin kuwa a cikin bahon kayan jariri ta same shi, a kan farar rigar da ta saya wa abin da ke cikinta. Ranar ce ta ƙwalla ihu har gidan ya taru.

A gaban kowa ta sa reza ta farke ƙullin. Ɓawon kifi ya zubo, da baƙaƙen 'ya'yan tsamiya. Sannan ta juya ƙyallen. Atamfarta ce, wadda ta kai wa Mama ta ƙara mata faɗi watan jiya saboda cikin.

"Ƙyallen zanina! Mama, me na yi miki? Cikin nan ma ba za ki bar min ba?"

Mama Winifred ta fito da tef ɗin awo rataye a wuya. "'Yata, ragowar ɗinki ne. Duk na 'yan kyanwa ne, kin gani da idonki ranar Asabar. Ƙila taki ce ke ɗauka."

"Ta ina? Ta bango? A kulle nake barinta! Kuma me za ta yi da tsummanki, ga nata na kuɗi a taga?"

Naila, maƙwabciyar da ke tsakaninsu, ta ja 'yarta baya. "Ni dama tsohuwa da kyanwoyi huɗu, tana musu magana kamar mutane, abin bai taɓa kwanta min ba."

Malam Bappa na tsaye yana jan carbi. Ya san Mama tun kafin ya aurar da 'yarsa ta fari. Amma masu haya uku suka ce ko ita, ko su. Daga ƙarshe ya ce, ba tare da ya kalle ta ba, "Mama, ki yi haƙuri. Ki nemi wani wuri zuwa ƙarshen mako."

Ranar Asabar aka ɗora kekenta na ɗinki a kan Keke Napep. Babu wanda ya kama mata kaya sai mai gadi. Ta tafi Sabon Gari wurin wani ɗan 'yar'uwarta, Kefas, wanda ya ba ta lungu a bayan shagonsa amma ya ce ban da kyanwoyi.

Christabel ta yi ajiyar zuciya, ta wanke ɗakinta da ruwan gishiri.

Kwana uku bayan haka ta dawo, ta sami ƙulli biyu a kan filo.

Washegari ba ta iya zuwa aiki ba. Ta kwanta da rana tsaka, gidan tsit, kowa ya fita. Sai ta ji wata ƙara a sama, cikin silin. Kacau. Shiru. Kacau, kacau. Ƙarar ta taso daga can ɓangaren ɗakin Mama, ɗakin da babu kowa a ciki, tana matsowa a hankali har ta zo daidai saman gadonta ta tsaya.

Christabel ta dafe cikinta.

A kusurwar da ke saman kabad, allon silin ya ɗaga kaɗan. Gashin zabo ya fara leƙowa. Bayansa farin kai, duk yanar gizo-gizo.

Gimbiya ce. Ta sauko kan kabad, ta dira kan gado, ta ajiye ƙullin a kan filo kusa da kunnen uwar ɗakinta, ta shiga marinsa da hannu tana birgima. Tun da ta sayo ta, Christabel ba ta taɓa ganin ta yi wasa haka ba.

Malam Bappa ya sa tsani ya leƙa da tocila. Babu bango a sama, silin ɗakunan shida a haɗe yake, kuma a ɗakin Mama akwai ramin da yoyon damina ya ci. A wani lungu ya tarar da ƙulli goma sha ɗaya da kyanwar ta tara. Ya sauko ya zauna a ƙasa.

Da yamma Christabel ta nemi shagon Kefas a Unguwar Gabas ta Sabon Gari. Ta sami Mama a lungu, keken ɗinki lulluɓe da zane. Labarin zargin asirin ya riga Mama zuwa unguwar, babu wanda ya kawo mata ko ɗinkin maɓalli.

Da cikin nata ta durƙusa. "Mama, Gimbiya ce. Ta silin take bi. Ki yafe min."

Mama ta kama ta. "Tashi, kar ki danne min jika. 'Yan kyanwana fa, wa ke ba su abinci?"

Christabel ta sunkuyar da kai. An kore su da jifa tun ranar da Mama ta tafi, kuma babu wanda ya sake ganinsu.

Mama ta gane. Ta juya fuska bango na ɗan lokaci.

Christabel ta bi gida-gida a layinsu da ƙullin goma sha ɗaya a leda tana faɗin gaskiya. Wasu suka yarda. Naila cewa ta yi, "To ai har kyanwar taki tsohuwar ta iya juyawa da asiri ke nan." Malam Bappa ya aika a ce wa Mama ɗakinta na nan. Ta ce a gode masa, amma ba za ta iya sake shanya wanki a tsakar gidan da yara ke gudu idan sun gan ta ba.

Christabel ta sauka lafiya, amma ranar suna Mama ba ta zo ba. Kefas ne ya kawo ƙunshi: rigar jariri ɗinkin hannu, a ƙarƙashinta ƙulli ɗaya mai jan zare da gashin zabo.

Christabel ta karɓa da hannu biyu.

Darasi: Raina abin hannun talaka ne ya rufe wa Christabel ido, har aka gaya mata gaskiya a fili ta ƙi ji. Kafin ki kira wani da mugun suna, ki tsaya ki bincika, domin kina iya neman gafara a ba ki, amma ba ki da ikon goge abin da kika zuba a kunnen mutane. Ku tura wa 'yan gidan hayarku da maƙwabtanku su karanta.