Ranar da Aka Sare Giginyar Gidan Abbo

Akwai wani dillalin shanu a Nguru mai suna Abbo. Bafulatani ne siriri, mai saurin baki da saurin yanke shawara. Da Allah ya buɗa masa, sai ya sayi fili a sabuwar unguwar bayan gari, inda a da gonaki ne, ya tsara gidansa tsaf. Matarsa Rahima ta jera furanni a tsakar gida kamar yadda take gani a waya.

Abu ɗaya ne ya ɓata musu tsari: wata tsohuwar giginya da suka tarar a filin, doguwa sambal. Ga ta da surutu. Ko 'yar iska ce ta gifta, sai ganyenta ya hau kwaram-kwaram, kamar mata na wanke-wanke a gidan biki.

Surutun da sauƙi. 'Ya'yanta ne abin tsoro. Wata rana da hantsi 'yarsu Fatimatuzzahra, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba, tana wasa a gindin bishiyar, sai ga ɗan giginya, tim, a gefen ƙafarta. Har ƙasa ta loɓa.

Rahima ta suri 'yarta ta yi ɗaki da ita. Da Abbo ya dawo ta tare shi tun daga zaure.

"Baban Zahra, ka ji ni da kyau. Ko a sare bishiyar nan, ko ka same mu a gidanmu a Gashua. Ni ban haifi 'ya don giginya ba."

Abbo bai yi musu ba. Wa zai yi musu?

To, a bayan gidansu akwai wani tsoho, Baba Madu, Babarbare. Ya yi noma a wannan wuri tun babu ko bukka. Idonsa ya daɗe da rufewa, amma duk salla shi kaɗai yake zuwa masallaci da sandarsa, babu ɗan jagora. Da wannan yake taƙama. Kuma kun san Barebari da Fulani abokan wasa ne, ba sa haɗuwa a rabu lafiya. In ya iso ƙofar Abbo sai ya ƙwanƙwasa da sanda, ya buɗe muryar nan tasa mai kamar ana jan buhu:

"Fulata! Ka tashi, ko kindirmo ya kwantar da kai?"

"Na tashi, Baba. Wanda aka zane wa fuska kamar ƙwarya ma ya tashi, balle ni."

"Bawa dai ba ya kunya!"

Haka suke kullum.

Ranar da Babakura mai sare itace ya zo da injinsa da igiyoyi, unguwa ta cika da ƙara. Ya hau can ƙoli ya fara sauke ganyen, sannan ya riƙa yanko gangar gunduwa-gunduwa don kada ta faɗa kan katanga. Baba Madu ya fito ya tsaya.

"Me ake yankawa haka?"

"Giginyar nan ce, Baba," in ji Abbo. "Ta kusa kashe mini 'ya."

Tsohon ya dogara da sandarsa. Babu Fulata, babu bawa. Can ya ce, "To. Allah ya raya yarinya." Ya lallaba ya koma ciki.

Washegari aka tayar da La'asar, wurin Baba Madu a sahun gaba babu kowa. Bayan an sallame aka fita nema. Can aka same shi a wani ɓangare daban, ya faɗa ramin da masu bulo suka haƙa. Gwiwa ta kurje, hula a cikin laka, yana ta laluben sandarsa. Abbo na cikin waɗanda suka ɗago shi. Tsohon sai cewa yake, "Ba komai, santsi ne, santsi ne."

Tun daga ranar bai sake fita ba.

Abbo ya je duba shi, ya tarar da shi zaune a kan buzu, ya juya fuska bango.

"Baba, ai sai in riƙa biyowa ina kama maka sanda mu tafi tare."

"Ni Madu? A ja ni a titi kamar saniyar da za a kai kara? Je ka abinka, Abbo."

Abbo. Da sunansa ya kira shi. Wannan ya fi komai tsaya masa a rai.

Zai fita ke nan, matar tsohon, Ya Fanne, ta biyo shi zaure ta rage murya.

"Ɗana, shi ba zai faɗa maka ba, ko za a yanka shi. Giginyar nan ita ce idonsa. Unguwar nan taku kullum a canje take, yau an jibge yashi, gobe an haƙa rami, sanda ba ta gane hanya. Ƙarar ganyen yake bi. In zai tafi ya bar ta a kunnen hagu, in zai dawo ya nufe ta. Yanzu sama ta yi masa shiru."

Abbo ya yi mata sallama. Ya koma gida ya tsaya a kan kututturen. Shi dai ya san bai yi laifi ba, ran 'yarsa ya tsare, kuma ko yau aka mayar da giginyar sai ya sake sare ta. Amma ga dattijo can ya zama ɗan zaman ɗaka ta dalilinsa. Da ya gaya wa Rahima, sai ta dafe ƙirji.

"Wayyo Baba! Mu muna jin surutu, ashe shi hanya yake ji."

Sannan ta ce, "Ganyen da Babakura ya sauke fa? Ai yana nan jibge a bayan gida, ya bushe."

Abbo ya ɗauko mai walda. Aka kafa dogon bututun ƙarfe daidai inda giginyar take, aka ɗaure busasshen ganye a ƙolinsa. Maƙwabta suka sami abin dariya. Wani ya leƙo ta katanga ya ce, "Alhaji Abbo, an sare ta Allah, an dasa ta kanti?"

Kuma abin haushi, ganyen ya ƙi yin ƙara. Iska na kaɗawa, shi ko shiru kamar amarya.

"Kun ɗaure shi tamau kamar kayan da za a kai garin Kumagannam," in ji Rahima daga ƙofar kicin. "Ku sassauta masa mana, ya riƙa gogar juna."

Aka kwantar da bututun, aka sassauta, aka sake tayarwa. Iska ta taɓa shi. Kwaram. Kwaram-kwaram.

Abbo ya hana kowa zuwa ya gaya wa tsohon. Ya san in aka ce don shi aka yi, ba zai fito ba.

Yini ya wuce, wani ya bi bayansa, shiru. Rannan ladan ya kira La'asar, Abbo na zaure yana alwala, sai ya ji ƙwas, ƙwas, ƙarar sanda. Ya leƙa. Ga Baba Madu da wankakkiyar hula, ya karkata kai gefe, yana tahowa a hankali. Da ya iso ƙofar ya tsaya, ya daɗe yana saurare. Sannan ya ɗaga sanda ya buga ƙyauren.

"Fulata!"

"Na'am, Baba!"

"Wace irin giginya ce wannan, mai murya kamar akuya na mura?"

"Ta Fulani ce, Baba."

"Shi ya sa. Daga ji ramammiya ce."

Ya gyara tsayuwa, ya bar ƙarar a kunnen hagu, ya miƙe hanya. Abbo ya biyo shi nesa-nesa yana sanɗa, har tsohon ya doshi wani tarin yashi. Baba Madu ya kewaye shi sumul. Can sai ya tsaya, bai ko waiwayo ba.

"Kai bawa, ka daina bina a baya kamar ɓarawon awaki, ina jin takalminka. In masallaci za ka, zo nan gefena mu tafi kamar mutane."

Abbo ya share idonsa da hannun riga, ya ƙarasa.

Darasi: Ko da gaskiya na gare ka, kafin ka kawar da abin da ya dame ka, ka tambaya ko akwai mai dogaro da shi, domin masu mutunci ba sa faɗin buƙatarsu. In kuma ka cutar da wani ba da gangan ba, ka gyara ta hanyar da ba za ta zubar masa da girma ba. Ku tura wa 'yan uwa da maƙwabta, wataƙila a unguwarku ma akwai wani Baba Madu da ya yi shiru.