Takardar da Aka Ninke

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, wanda Allah ya ba shi basirar karanta sakamakon zaɓe. Ba ɗan takara ba ne, ba ya hawa dandamali. Aikinsa a ofishin jam'iyya mai mulki yake, cikin wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin bene, mai tebur guda da fanka mai ƙara da taswirar mazaɓu goma sha ɗaya manne a bango. Ana ce masa Mai Biro. In an gama zaɓe manya sun gaji da hayaniya, sai a ce, "A kira Mai Biro ya faɗa mana abin da jama'a ke nufi."

Yana da suruki, yayan matarsa, tela ne, kuma shi ne shugaban jam'iyya a mazaɓar bakin kasuwa. Wata rana ana taro Mai Biro yana bayani, sai Tela ya katse shi yana dariya: "Mijin ƙanwata, ajiye biron nan ka huta. Kai lamba ka sani, mu mutane muka sani."

Zaure ya ɗauki dariya. Mai Biro ma ya yi murmushi. Tela ya manta maganar kafin ya kai ƙofa. Shi kuwa ya riƙe ta shekara huɗu, yana juya ta a ransa kamar mai lasar miki.

Ana nan sai ɗan majalisar yankin ya rasu a tsakiyar wa'adi, aka yi zaɓen cike gurbi. Kun san irin wannan zaɓen, ba a cika fitowa ba. Amma masu hankali ba sa raina shi, domin ɗanɗano ne kafin a sauke tukunya. Jam'iyya ta faɗi.

Washegari da hantsi Mai Biro ya jera mazaɓun a takarda guda, kuma nan take ya ga abin da ya faru. Ƙuri'ar abokan hamayya ba ta ƙaru ba. Ta jam'iyyarsa ce ta ragu da rabi, a ko'ina, ba mazaɓa ɗaya da ta tsira. Nasu ne suka zauna a gida. Ya kuma san dalili, don shi ma a garin yake: asibiti ba magani, famfo ya kafe, titi ya zama ramuka. Jama'a ba su sauya sheƙa ba tukuna. Fushi suke, sun juya baya suna jira a rarrashe su.

Mazaɓar Tela ce ta fi asarar ƙuri'a, amma don ita ce ta fi kowacce yawan mutane. Wannan ma ya sani.

Sai ya ninke takardar biyu, ya sake ninkewa, har ya zama layi ɗaya tak ke waje, na mazaɓar Tela. Ya hau bene ya ajiye ta gaban Shugaba, jagoran jam'iyyar a yankin duka.

"Ranka ya daɗe, da ƙuri'a dubu da ɗari biyu aka kayar da mu. A mazaɓar bakin kasuwa kaɗai mun rasa dubu da ɗari huɗu."

Shugaba ya cire tabarau. "Wato Tela ya sayar da mu?"

"Ni ban ce ba, ranka ya daɗe. Ni dai lamba na sani."

Ku tsaya a nan, ya 'yan uwa, domin na daɗe ina juya wannan. Akwai ƙarya a bakinsa? Babu. Kowace lamba da ya faɗa daidai ce, ko alƙali zai amsa. To mene ne laifinsa? Laifinsa a hannu yake. Shaidar zur ba sai da harshe ba. Wanda ya nuna maka rabin gaskiya don ka yanke hukuncin da ya san zalunci ne, ya yi maka ƙarya, ya kuma ari bakinka ya faɗe ta.

Kafin mako ya cika an tuɓe Tela. Aka karanta sunansa a taro da laƙabin maci amana. Masu kawo masa ɗinki suka janye, wani ma ya zo ya karɓe yadinsa da alli a jiki.

Matar Mai Biro ta tare shi a tsakar gida. "Baban yara, yayana ne fa. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Kalma ɗaya za ka faɗa."

Ya ce, "Ai shi ya san mutane. Su fitar da shi."

Jam'iyya ta huta, an gano ɓarawo. Ba wanda ya ƙara zancen asibiti ko famfo. Sauran shugabannin mazaɓu kuwa suka ɗauki darasi: wanda ya kawo mummunan labari, shi ne mai laifi. Daga nan rahoto mai daɗi kaɗai ke zuwa ofis. Mai Biro yana karantawa ya san ƙarya ne, yana miƙa wa manya a haka, don da wane baki zai faɗa? In ya ce cutar ta gari ce duka, za a tambaye shi, to Tela fa? Shekara biyu yana kallon ambaliya tana tahowa, ya rasa damar ihu.

Babban zaɓe ya zo. Wannan karon jama'a ba su zauna a gida ba. Sun fito tun da asuba, sun yi layi a rana, sun share jam'iyyar daga sama har ƙasa.

Aka taru a zauren saman bene, fuskoki kamar gidan makoki. Mai Biro ya miƙe zai yi bayani, kuma a ranar gaskiya ya yi niyyar faɗa. Ya fara da asibiti. Shugaba ya buga tebur.

"Ba asibiti na tambaye ka ba. Wa ya ci amanarmu?"

Shi ya koya musu wannan tambayar. Shi ya koya musu cewa kowace faɗuwa tana da mai ita. Sai wani daga baya ya ce, "Wa ya yi ta ce mana lafiya lau?" Idanu suka juyo ɗaya bayan ɗaya. Da kwalar riga aka sauko da shi daga benen. Aka watso masa takardunsa a titi, aka baza a gari cewa tun farko abokan hamayya yake wa aiki. Su kuwa abokan hamayya suka ce ba sa son wanda ya yanka surukinsa.

Ya koma gida ya tarar matar ta kwashe yara ta tafi wurin yayanta. Ya bi ta har shago. Tela yana kan keken ɗinki, ya rame, furfura ta cika kansa. Mai Biro ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Yaya, ka yafe mini."

Tela bai ɗaga ƙafa daga keken ba.

"Ka je zauren da aka kira ni maci amana, ka tara waɗanda suka ji, ka faɗa musu. Sannan ka dawo."

Ya je. Ya tarar da kwaɗo a ƙofa, an sauke allon jam'iyya. Waɗanda ya samu a hanya ya faɗa musu, suka ce, "Yau kuma wa aka biya ka ka wanke?" Yana nan har yau yana tare mutane da gaskiyarsa, ba mai tsayawa.

Ya 'yan uwa, wanda aka ba amanar fassara abin da jama'a suka faɗa, wuƙa aka danƙa masa. In ya soki maƙiyinsa da ita, ya soki duk wanda ya dogara da shi, kuma ranar da zai buƙaci a gaskata shi, ranar zai tarar ya ƙarar da bakinsa. Mai riƙo a zuci, ya sauke tun yana da damar gyarawa.

Allah ya tsare hannuwanmu daga ɓoye abin da idanunmu suka gani. Allah ya kiyaye mu. Amin.