Ranar da Ilu Mai Gawayi Ya Ce A'a

An yi wani mutum a wani gari, bawan Allah, ana ce masa Ilu mai gawayi. Ba shi da wani abin duniya, amma hannunsa a sake yake. Ka ari tsani, ya ba ka. Ka ari keke, ya ba ka, har ya tambaye ka ko da iska a taya.

Wata rana 'yarsa Kuluwa ta kwanta da zazzaɓi, ko yawu ba ta iya haɗiyewa. Ya kai ta asibiti. Likita ya leƙa bakinta, ya ga maƙogwaro ya kumbura har ya yi mugunya. Ya rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta, na ruwa, ya ce, "Malam, za ta warware kafin kwalbar ta yi rabi. Kada hakan ya ruɗe ka, ta shanye duka. In aka tsaya a hanya, ciwon kan dawo, wani lokacin har ya taɓa zuciya."

Haka kuwa aka yi. Kwalba ba ta kai rabi ba, yarinya ta miƙe tana wasa a zaure.

To, ku saurara. Sai ga maƙwabcinsa Barau, gemai-gemai da shi, ya shigo riƙe da wuya, da ƙyar murya ke fita.

"Malam Ilu, irin ciwon Kuluwa ne ya kama ni. Tunda ta samu sauƙi, sam min sauran."

Ilu ya sunkuyar da kai. Wallahi abin ya yi masa nauyi, don bai saba hana mutum ba.

Ya ce, "Malam Barau, ka yi haƙuri. Wannan ba saura ba ne, nata ne. Tashi in kai ka asibiti."

"Ashe haka kake? A kan cokali biyu?"

Barau ya fice. Kafin la'asar, majalisa duk ta ji cewa Ilu ya yi wa maƙwabcinsa rowar magani. Da Ilu ya je ya yi sallama, aka amsa masa ciki-ciki. Ya ji zafi ƙwarai, amma bai tsaya wanke kansa ba.

Washegari bai fita da gawayi ba. Ya jingine keke a ƙofar gidan Barau, ya yi ta sallama. Barau ya fito a galabaice, bai ko dube shi ba, ya hau baya, suka nufi asibiti. Likita ya duba shi, ya rubuta masa nasa, na manya. Barau ya warke, Kuluwa ta shanye kwalbarta tas. Kada ku ɗauka Barau ya zo ya ba da haƙuri. Bai zo ba, Ilu kuma bai jira ba.

Jama'a, alheri ba shi ne ka faranta wa mutum rai yanzu, ka cuce shi gobe ba. Da Ilu ya miƙa kwalbar nan, da an yabe shi, amma da ya bar 'yarsa da rabin magani, maƙwabcinsa da maganin da ba nasa ba. Mu nawa ne nan muke da guntun magani a kan taga, muna rabawa muna zaton lada muke samu? Maganin ɗanka amana ne, ka ba shi har ƙarshe. Maƙwabcinka kuma in ya zo riƙe da wuya, kai shi wurin likita, ko da zai yi fushi da kai. Allah Ya sa mu gane.