Takin Kuluwa da Sa Hannun Marigayi

Wa ya taɓa ganin mamaci riƙe da fartanya? Dagacin wani ƙauye dai ya rantse akwai.

Ranar rabon takin zamani, Kuluwa, wadda ke ciyar da marayu biyar da gonarta, ta durƙusa gabansa.

Ya ce, "Taki na manoma ne, mace kuwa ba ta noma. Mijinki ya zo ya sa hannu."

"Ranka ya daɗe, shekararsa huɗu da rasuwa. Kai ka yi masa salla."

"Doka doka ce."

"To, damin geron da nake kawo maka gaisuwa duk kaka, wa yake noma shi?"

"Mijinki mana! Gonarsa ce."

"Madalla. Bana sai ka je ka karɓa a hannunsa da kanka. In za ka dawo, ku taho tare ya sa hannun."

Dagaci ya zabura har rawaninsa ya karkace. "A'uzubillahi! Ku ba ta buhu biyu ta tafi!"

Masu rabon taki, ku rubuta sunayen matan da ke duƙe a gona tun kafin ruwa ya sauka.