Ƙahon Jatau da Zabin Autan Sarki

A zamanin da, tun ana noma da kwari da baka a rataye, an yi wani sarki mai suna Bagudu, birninsa na bakin wani daji da mahara ke ɓullowa. Don haka aka zuba masu tsaro a kan ganuwa, kowa da ƙahonsa. Wanda ya hango abin da bai kwanta masa ba sai ya busa, mutanen gona su sheƙo gida.

Wata ranar kasuwa da hantsi, wani mai tsaro, Jatau, ya hango ƙura ta turnuƙe daga gabas, ya busa. Jama'a suka yo ca a kan ƙofar gari. To, ƙofar nan ƙyaure biyu gare ta, amma bisa al'ada ɗaya ake buɗe wa talakawa, na biyun sai sarki zai wuce. A cikin turmutsitsin nan aka tattake Cindo, autan sarki, a hannun mai renonsa. Da ƙura ta lafa, ashe garken shanu ne.

Sarki ya ce a ɗaure Jatau, bayan sadakar arba'in a fille kansa, kuma duk wanda ya ƙara busa ƙaho ba mahara, hukuncinsa ke nan.

Waziri Barau kuwa, Jatau ƙaninsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya faɗi ya ce, "Allah ya ba ka nasara, yaron nan aikinsa ya yi."

Sarki ya ce, "Waziri, da ba ƙaninka ba ne, za ka buɗe baki?"

Waziri ya yi sallama ya tashi.

Ya fita ya hau ganuwa, ko iska ta rage masa ƙunci. Abin da ya tarar ya fi wanda ya baro muni: kowane mai tsaro ya cusa tsumma a bakin ƙahonsa. Ɗaya ya ce, "Ranka ya daɗe, gudun kada tsoro ya sa mutum ya busa bai shirya ba. Muna da 'ya'ya." Waziri ya karɓi ƙahon ya sa cikin riga. Gari ya zama ba shi da ido, kowa kuwa na barcinsa.

Tun rasuwar nan sarki ba ya zaman fada, sai gindin wata tsamiya a bayan fadar, wurin zabin da Cindo ke watsa wa gero. Kun san halin zabi: garke na kiwo, ɗaya ta miƙe wuya tana duban sama, ko ganye ya gilma sai ta ɓarke da kuka, duk su watse. Kukan nan ya ishi sarki, ya ce sun hana shi ko tunanin ɗansa.

Waziri ya ce, "Zaki, doka ai ba ta bar kowa ba. A kama duk wadda ta yi kukan banza."

Sarki ya ce a yi. Kullum sai a ɗauke mai kuka, Waziri ya kai ta gidansa ya ɓoye, har garke ya zama sai marasa baki, masu kai a ƙasa. Wuri ya yi tsit. Sarki ya ce yanzu ya sami lafiya. Waziri dai ba ya ko iya cin tuwo, ga arba'in tana matsowa, ga uwarsu ta daina yi masa magana.

Ana nan, ran nan da la'asar suna zaune, inuwa ta ratsa fili. Ba wadda ta ɗaga kai. Shirwa ta sauko ta sure ɗan tsako a gaban sarki. Kafin ya miƙe, wata ta ɗauki na biyu.

Sarki ya ce, "Me ya same su? Ko ɗaya ba ta yi kuka ba."

Waziri ya ce, "Masu kukan muka kwashe. Zabuwa ita kaɗai ba ta iya ci da duban sama a lokaci guda. Tun farko waɗanda suka ware shirwa ta gama da su, waɗanda suka haɗu suna aron idon juna su suka bar zuriya. Abin da suke biya shi ne gudun banza sau da yawa, don gudu ɗaya na gaskiya."

Idon sarki ya kaɗa. Ya ce, "Su gero suke bari in sun gudu. Ni ɗa na rasa."

Waziri ya fito da ƙahon ya ajiye, tsumma na leƙowa daga bakinsa. Ya ce, "Haka suke duka a kan ganuwa yau. In ka so ka haɗa ni da Jatau, amma sai na faɗa. Ƙaho gida ya kira mutane. Ƙofa ce ta hana su shiga, ƙyaure na biyu yana rufe yana jiran sarki."

Sarki ya ɗauki ƙahon, ya zare tsumman da hannunsa, hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Ashe ni yake jira."

Kashegari aka kwance Jatau, ya rame har Waziri bai so haɗa ido da shi ba. Sarki ya miƙa masa ƙahon a gaban jama'a ya ce, "In ka ga ƙura, ka busa." Aka ɓalle ƙyauren nan na biyu, ba a sake rufe shi da rana ba.

Waziri ya maido da zabin da ya ɓoye. Ba su jima ba wata ta ga ganye ya faɗo, ta cika gida da kuka, garke ya watse. Sarki na zaune gindin tsamiya, bai ce a kama ta ba. A nan labarin ya tsaya, ni ma na tsaya.